Mustafa Alasan, mai zanen da ya sa kwaɗi mulki

Yau mun tuno da marigayi Mustafa Alasan, ɗan Nijar da aka haifa a shekarar 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali, ya kunna fitila, ya nuna wa mutanen garinsu inuwar dabbobi suna motsi. Kanikanci ya koya, amma zane ya ja shi. A Yamai ya gamu da Bafaranshen nan Jan Rush, daga baya ya tafi Kanada ya ƙaro sanin yadda ake sa zane ya yi motsi.

Fim ɗinsa na 1962 sunansa Aure. A 1966 ya fito da Bon voyage Sim: wani shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyara, ana ta fareti da bushe-bushe. A zamanin jam'iyya guda, wa zai iya yi wa manya dariya a fili? Shi sai ya bi ta bakin kwaɗo. A 1972 kuma ya yi FVVA, wato mace, gida, mota, kuɗi, labarin ma'aikacin da son burga ya kai shi ga taɓa kuɗin da ba nasa ba. Duk wanda ya taɓa ba ɗan kwalisa bashi a kasuwar Tasawa ya san irinsa.

A ƙarshe Tawa ya zauna, yana riƙe da otal ɗinsa, yana ci gaba da zane. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. Allah ya jiƙan shi.