Sardauna Ahmadu Bello: Daga Baitulmalin En'e Zuwa Jami'ar Samaru

Duk mutumin Bomo da ya fito Samaru zai iske jami'ar da ke ɗauke da sunan Marigayi Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Da wannan gini aka fi tunawa da shi a ƙasar Zazzau. Amma fa kafin ya gina jami'a, ya daɗe yana fama da wata tambaya wadda ta fi ta kusa da talaka, watau wa zai biya kuɗin ajin ƙauye da rijiya da ɗakin shan magani, wa kuma zai tsare kuɗin kada su salwanta.

An haife shi a Raba cikin 1910, a gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, kana aka naɗa shi hakimin Raba a 1934. Ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938, Allah bai nufa ba, sai aka ba shi Sardauna, aka tura shi Gusau ya riƙa duba gundumomin gabas.

A can ya san En'e ciki da bai. A zamanin, dagatai da hakimai ke tara haraji da jangali su kai baitulmali, Gwamnati ta ɗebi rabonta, abin da ya saura shi ne na albashin ma'aikata da gyaran hanya da kasuwa da makarantun elementare. Ƙasa mai jama'a da dabbobi da gyaɗa baitulmalinta ya yi nauyi, ƙasar da ba ta da su kuwa sai ta yi ta jiran gudummawar Kaduna. A kan waɗannan kuɗi ne ma ya sha jarrabawa mafi ɗaci. Cikin 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara, aka zo Zariya aka wanke shi. Wanda aka taɓa tuhuma a kan rasit, da wuya ya sāke raina littafin ma'aji.

A 1948 ya tafi Ingila ya ga yadda majalisun ƙananan hukumomi ke tafiyar da aikinsu. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya aka haɗa masa da sha'anin En'e-en'e da raya karkara, sa'an nan ya zama Firimiya a 1954. A shekarar ce aka kafa Dokar En'e, wadda ta tsara yadda sarki zai yi aiki da majalisarsa, ta kuma buɗe ƙofar majalisun gunduma da na gari. A shekarar kuma makarantar horar da akawuna da ke Kongo, Zariya, ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki, inda ma'aji da hakimai da malaman En'e suka riƙa zuwa kwas. Wannan gyara ne, ba rushewa ba. 'Yan NEPU sun so a kawar da tsarin ɗungum, shi kuwa ya gwammace ya riƙe shi, ya ƙara masa ido daga Kaduna.

Batun makarantu shi ne inda masu tarihi suka fi yi masa tambaya. Jihar Yamma ta fara ilmin furamare kyauta a 1955, Gabas ta bi a 1957, Arewa ba ta bi ba. Hujjar gwamnatinsa ita ce babu malamai, babu kuma kuɗin da zai ɗauki wannan nauyi. Saboda haka aka sa ƙarfi ga kwalejojin horon malamai, da Yaƙi da Jahilci, da mayar da Midil-midil su zama sakandaren lardi, kamar ta Zariya wadda yanzu ake kira Kwalejin Alhudahuda. Ginin furamare kuwa aka bar shi a wuyan En'e da mishan, Gwamnati na tallafawa. Bayan rahoton Oldman na 1961 aka yi dokar ilmi wadda ta share fagen kafa hukumomin ilmi na yanki. Hujjar tana da ƙarfi, gama aji ba malami rumfa ce kawai. Sai dai ita ma tana da farashi: samun kujerar yaro a aji ya dogara ga nauyin baitulmalin ƙasarsu da kuma himmar hakiminsu, tazarar da ke tsakanin Arewa da Kudu kuwa ba ta rufe ba har ya bar duniya.

Wajen tsaron kuɗi dai bai yi sanya ba. A 1962 gwamnatinsa ta sa D. J. M. Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, wadda ta fi kowace arziki a Arewa, kuma a 1963 Sarkin Kano Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Har gobe akwai masu ganin siyasa ta fi lissafi yawa a wannan al'amari, amma daga ranar kowane ma'aji ya gane babu baitulmalin da ya fi ƙarfin bincike.

Jami'a kuwa da hannun Gwamnatin Jiha aka yi ta, ba a jira En'e ba. Bayan rahoton Ashby na 1960, aka harhaɗa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Samaru, da tashar binciken aikin gona, da makarantar Kongo, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, aka buɗe ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, Dakta Norman Alexander yana shugabanta. Sardauna shi ne uban jami'ar na farko. Sojoji suka kashe shi a gidansa a Kaduna daren 15 ga Janairu, 1966, shi da uwargidansa Hafsatu.

Tsarin da ya riƙe bai daɗe ba a bayansa. Gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, Bomo da Samaru yau suna cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce sai jiha ta ajiye nata kaso kafin ta karɓi kuɗin ginin azuzuwa daga Tarayya, sa'an nan ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba.