Wiji: Mai hoton da ya riƙa kwana da rediyon ƴan sanda a kunnensa

Yau tarihin wani mai ɗaukar hoto za mu kawo muku, mutumin birnin New York na ƙasar Amurka, wanda ya rasu tun shekara ta 1968. Sunansa na takarda Arthur Fellig, amma duniya ta fi saninsa da laƙabin Weegee, ana faɗinsa Wiji. A shekara ta 1938 hukumar ƴan sandan birnin ta ba shi izinin ɗaura rediyon da ke kama maganarsu cikin motarsa, abin da ba a taɓa ba wani mai hoton jarida ba a garin. Da wannan ɗan akwati ya ci abinci, ya yi suna, ya kuma bar wa ƴan jarida da hukuma wata gardama da har gobe ba a gama ba: wa ke da haƙƙin jin abin da jami'an tsaro ke faɗa wa juna, kuma in ya ji, me zai yi da shi?

Tasowarsa

An haife shi ranar 12 ga watan Yuni na 1899 a wani ƙaramin gari mai suna Zolociv, wanda a zamanin yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, yau kuma yana cikin ƙasar Yukren. Iyayensa Yahudawa ne talakawa, suka raɗa masa suna Usher. Uban ne ya fara tafiya Amurka neman kuɗi, kamar yadda namu ke tafiya cin rani su bar iyali gida. Daga baya uwar ta bi shi da yaran, lokacin Usher yana wajen shekara goma. A can ne sunan ya koma Arthur.

Sun sauka a unguwar Lower East Side, inda baƙi ke cunkushe cikin tsofaffin benaye, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta don ya taimaki gida. Ya yi ƙananan ayyuka kala-kala, har ya kai ga yawo cikin unguwanni da ɗan ƙaramin doki, yana ɗora yara a kai yana yi musu hoto, iyaye su biya. Da ya bar gidan ubansa ya sha wuya ƙwarai, ya kwana a lambunan gari da tashar jirgin ƙasa. A tsakiyar shekarun 1920 ya samu aiki a kamfanin hotunan jarida na Acme Newspictures, a ɗakin wankin hoto. Ya yi shekara goma da wani abu cikin duhu yana wanke hotunan wasu, suna fita a jaridu babu sunansa. A 1935 ya ajiye aikin ya kama cin gashin kansa.

Game da laƙabinsa ana ba da labari iri biyu. Shi kansa ya fi son a ce daga Ouija ne, wani allon duba na Turawa, wai don yana isa wurin ta'asa kamar an sanar da shi tun kafin ta faru. Wasu masu bincike kuma sun ce sunan ya samo asali ne daga squeegee, robar da yaran ɗakin wanki ke tsane ruwa da ita daga jikin hotuna, aikin da ya yi yana saurayi.

Yadda rediyo ya shiga aikin ƴan sanda

Kafin zuwan rediyo, ɗan sandan da ke sintiri sai ya je wurin akwatin tarho da ke bakin titi ya kira ofishinsu kafin ya san abin da ake ciki. A 1928 ƴan sandan birnin Detroit suka fara aika saƙo ta iska zuwa motocinsu a kai a kai. New York ta bi sahu a farkon shekarun 1930. Da farko maganar hanya ɗaya take bi: babban ofishi ya faɗi lambar mota, da unguwa, da irin laifin, na cikin mota su ji su ruga, amma ba su iya maido da amsa. A 1933 ne garin Bayonne na jihar New Jersey ya fara amfani da wanda ake magana a amsa, irin oba-oban da muke gani yau hannun jami'ai.

Maganar ba a ɓoye take ba. Zangon da ƴan sanda ke aiki da shi yana kusa da na tashoshin da jama'a ke saurare, har akwatunan rediyo da yawa na gida an rubuta wurin kama ƴan sanda a jikin gilashinsu. Mutum zai zauna ɗakinsa da dare ya ji an yi fashi a titi kaza. Abin da hukuma ta ƙi shi ne a saka irin wannan rediyo cikin mota, sabili da ɓarawo na iya sauraren masu neman sa yana gudu. Har yau dokar jihar New York ta hana farar hula saka shi a mota ba da izini ba, in ban da waɗanda doka ta keɓe. Kun ga kenan takardar da Wiji ya samu a 1938 babban jari ce.

Aikin dare

Ya kama ɗan ɗaki a titin Centre Market Place, bayan babban ofishin ƴan sanda na Manhattan. Rediyo guda yana gefen gadonsa, guda yana cikin motarsa ƙirar Chevrolet. Da rana ya yi barci, tsakar dare ya fita. Bayan motar, inda ake zuba kaya, ya maida shi ofis: keken rubutu, da kyamara ta biyu, da fim, da ƙwayayen fitilar hoto, da kayan sauyawa, da sigari wanda ba ya rabuwa da bakinsa. Akwai hotonsa zaune kan ƴar kujera a bakin titi cikin dare, yana buga bayanin hoto a bayan motar.

Kyamarar da ya riƙe ita ce Speed Graphic, babba mai nauyi, wadda ake sauya mata fim bayan an ɗauka, ƙwan fitilar ma sau ɗaya yake ci a jefar. Don kada ya ɓata lokaci wajen saiti, ya kan daidaita ta tun daga gida a kan nisan kusan mita uku, in ya iso sai ya matsa daidai wannan tazara ya danna. Shi ya sa hotunansa suke da kama ɗaya: fuska fara fat saboda hasken fitila, baya kuma baƙi ƙirin.

Zamanin ya taimake shi. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da giya, gungun ƴan ta'adda suka yi ƙarfi da fataucinta a ɓoye, kuma bayan an ɗage dokar ba su daina kashe juna ba. Ga talaucin da ya biyo bayan karyewar tattalin arziki ta 1929. Ga gobara a tsofaffin benaye. Da ya ji kira a rediyo sai ya tada mota, sau da yawa ya iso tare da ƴan sanda ko ƴan kwana-kwana, wani lokaci ma ya riga su. Kafin asuba ya wanke hotuna ya zagaya ofisoshin jaridu irin su Daily News da Herald Tribune da Post, wanda ya saya ya saya. Akwai wata takardar biya da kamfanin mujallar Time ya ba shi, an rubuta kisan kai biyu, dala 35. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta nan ba. A ƙiyasinsa shi kansa, ya ɗauki hoton kisan kai wajen 5,000.

Abin da ya bambanta shi da sauran

Masu hoton gawa suna da yawa a garin. Abin da ya ɗaga Wiji shi ne ya kan juya wa gawar baya ya dubi masu kallo. A watan Oktoba na 1941 an harbe wani mutum a unguwar Brooklyn daidai lokacin da ake tashin yara daga makaranta. Hoton da ya ɗauka babu mamacin a ciki. Yara ne ke turereniya, wasu na dariya, wata yarinya ta zaro ido, a tsakiyarsu kuma wata mace ƴar uwar mamacin tana kuka. A watan Disamba na 1939 ya ɗauki wata uwa da ɗiyarta a bakin titi, lulluɓe da mayafi, suna kallon benen da ke cin wuta da ƴan uwansu a ciki. Ya faɗa daga baya cewa shi ma ya yi hawaye a wurin.

Ya ɗauki rayuwar talaka ko da babu jini. Akwai hotonsa na 1941 na yara kwance jere a kan matakalar ƙarfe ta bayan bene, zafi ya koro su daga ɗaki, kamar yadda muke fitar da tabarmi tsakar gida da bazara. Akwai na 1940 na bakin tekun Coney Island, mutane maƙil har iyakar gani. Daga 1940 jaridar PM, wadda ba ta karɓar talla, ta riƙa buga hotunansa da sunansa, har da bayanin da shi ya rubuta. A 1941 ƙungiyar masu hoto ta Photo League ta baje kolin aikinsa. A 1943 gidan adana kayan fasahar zamani na New York, MoMA, ya mallaki hotunansa biyar. A 1945 ya fitar da littafin hotuna mai suna Naked City, wanda ya samu kasuwa sosai, har wani mai shirya fim, Mark Hellinger, ya sayi sunan ya sa wa fim ɗin da ya fito a 1948.

Inda ake zarginsa

Tarihi bai rufe masa asiri ba. Hotonsa da ya fi shahara, na watan Nuwamba 1943, yana nuna wasu attajiran mata biyu cikin lu'ulu'u da farar riga ta gashin dabba suna shiga gidan waƙe na Metropolitan, wata matalauciya a gefe tana hararar su. Shekaru bayan rasuwarsa, yaron aikinsa ya bayyana cewa shi aka aika unguwar Bowery ya ɗauko matar, aka ba ta giya, aka tsayar da ita a wurin. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Akwai kuma maganar mutunci. Waɗanda ya haska wa fitila a fuska ba su ba shi izini ba: wanda aka kama yana rufe fuska da hula tun kotu ba ta yanke masa hukunci ba, matar da aka kashe wa miji, gawar da ke kwance an rufe ta da jarida. Masu kare shi suna cewa ba don shi ba, mai kuɗin garin ba zai taɓa ganin yadda talaka ke ƙonewa a benen haya ba. Masu sukarsa suna cewa baƙin cikin mutane ya maida haja. Dukansu suna da hujja a cikin hotunan nasa.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1947 ya bar aikin dare ya koma Hollywood, garin masu fim, ya yi ƴan shekaru ya dawo New York a farkon shekarun 1950. Ya shiga yin hotunan barkwanci, yana murɗe fuskokin manya da madubi da gilashi, amma ba su karɓu kamar na da ba. A 1963 ya je Ingila ya yi aikin hoto wurin shirya fim ɗin Dr. Strangelove na Stanley Kubrick. Ciwon suga ya kama shi, wata tsohuwar aminiyarsa, Wilma Wilcox, ta riƙe shi a gidanta ta yi jinyarsa. Ya rasu ranar 26 ga Disamba 1968 a New York, yana da shekara 69, ba da dukiya ba. Ita ce ta adana kayansa, kuma a 1993 dubban hotunan suka koma hannun cibiyar hoto ta ƙasa da ƙasa da ke birnin, wato ICP.

Abin da ya biyo baya

Rediyon Wiji sai an murɗa shi an tsayar a wuri ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara sayar da na'urar da ke zagaya zanguna da yawa da kanta, in ta ji magana ta tsaya, in an yi shiru ta wuce. Ita ake kira sikana. Ta shiga kusan kowane ɗakin labarai na Amurka, ta shiga gidajen masu sha'awa, daga baya ma aka riƙa watsa maganar ta intanet kowa ya ji a salula. To amma kiɗa ya fara sauyawa. A 2023 ƴan sandan New York suka fara kulle maganarsu da lambobin sirri, suka soma daga wasu sassan Brooklyn. Hujjarsu ita ce masu laifi na saurare, kuma sunaye da adireshin waɗanda aka cuta suna fita fili. Ƙungiyoyin ƴan jarida suka ƙi yarda, suka ce in an toshe wannan kafa, jama'a ba za su san abin da ya faru ba sai abin da hukuma ta ga damar faɗi. A Ingila kuwa sauraren ƴan sanda laifi ne, kuma tuni maganarsu take a kulle.

Sabili da haka muna jan hankalin ƴan uwa na ƙetare: doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ma daga jiha zuwa jiha. Kafin ka sayi irin wannan na'ura, ko ka saka ta a mota, ko ka aiko ta gida tsaraba, ka tambayi masana doka. A nan Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da sha'anin zangunan sadarwa.

Mu na gida kuma, yau kowa na da kyamara a aljihu. In mota ta faɗi a hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ko wuta ta kama kasuwa, kafin motar asibiti ta iso hotuna sun zagaya WhatsApp, wani lokaci uwa a waya za ta fara ganin gawar ɗanta. Wiji ya isa wuri da sauri fiye da kowa, duk da haka har yau ana tambayarsa a kan fuskokin da ya haska. Wanda ya riga kowa isa wurin haɗari, ya fara kiran ƴan kwana-kwana ko jandarma, ya taimaka wa masu rauni, ya rufa wa mamaci asiri. Allah ya kiyaye mu da tsautsayi, ya kai matafiya gida lafiya.