Taƙaitaccen Tarihin Sarkin Kano Alu Mai Sango da Yaƙin Basasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ba da mulki ga wanda Ya so, Mai karɓe shi daga wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa mazauna Ajame da Tireshbil da sauran unguwannin Abijan, na ga ya kamata in gabatar da tarihin Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango, kafin a shiga baitocin da ke cikin wannan ɗan littafi, domin wanda bai san labarin ba zai ji daɗin karin waƙar kawai, ma'anarta kuwa ta wuce shi. Da yawanmu jikokin fatake ne 'yan goro waɗanda suka taso daga ƙasar Kano. Kuma mu a nan ba mu bukatar a fassara mana kalmar basasa. Mun ga wadda ta tashi a wannan ƙasa ranar 19 ga Satumba 2002, mun kuma ga ta 2011, lokacin da aka yi ta ɓarin wuta a cikin birnin nan har kasuwar Ajame ta watse. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a rayuwar wannan sarki shi ne: ya ci yaƙin 'yan'uwa, amma bashin yaƙin nan bai bar shi ya huta ba har ƙarshen mulkinsa.

Fasali na farko: asalinsa da mafarin fitina

Ka sani, ya ɗan'uwa, Alu ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne, shi kuma ɗan Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello ce, sunan kakan nasa aka sa masa. Ke nan ta wajen uba ɗan gidan Dabo ne, ta wajen uwa jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, Allah Ya yarda da shi. Ya tashi cikin karatu, har aka san shi da ilimi a cikin 'ya'yan sarki.

Abdullahi ya hau gado a 1855, ya yi fiye da shekara 25 yana mulki, ya bar 'ya'ya masu yawa, da dama daga cikinsu suna riƙe da sarautu da garuruwa. Da ya rasu sai ɗan'uwansa Muhammadu Bello ya gaje shi. Bello ya yi ta tuɓe 'ya'yan Abdullahi da barorinsa daga muƙamansu, yana naɗa nasa, ya ɗaga ɗansa Muhammadu Tukur har ya kai shi Galadima. Wannan sarauta kuwa Yusufu, babba cikin 'ya'yan Abdullahi, ya taɓa riƙe ta a zamanin mahaifinsa kafin a tuɓe shi. Aka wayi gari gida ɗaya ya rabu biyu, ana gaisawa a fada, ana cizon yatsa a zaure.

A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai yaƙi Argungu, Kabawa suka fatattaki rundunarsa. A ranar nan Galadima Tukur ya nuna jaruntaka ƙwarai, Sarkin Musulmi ya riƙe masa wannan a zuciya. Abdurrahman kuwa mutum ne mai tsanani wanda ba ya jin shawara, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Ɗanyen Kasko.

Bello ya rasu a ƙarshen 1893, daidai da 1311 ta Hijira. Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a lokacin. Mafi yawan manyan gari da bayin sarki Yusufu suke so, Waziri kuma ya san haka, amma umarni ya zo daga Sarkin Musulmi a naɗa Tukur, aka naɗa shi. Mutane kaɗan ne suka yi murna. Ba a daɗe ba Yusufu ya fita daga birni tare da 'yan'uwansa da bayin mahaifinsu da duk mai jin an zalunce shi, suka nufi Takai, kudu maso gabas da Kano. Alu yana cikinsu. Tun daga ranar aka sami Yusufawa da Tukurawa.

Fasali na biyu: yadda aka yi yaƙin

Takai ribaɗi ne mai ganuwa, a kan hanyar Ningi. Nan Yusufu ya kafa sansani, ya aika wa hakimai da dagatan gabas da kudu su yi masa mubaya'a. Wanda ya bi aka bar shi a kan sarautarsa, wanda ya ƙi aka hau shi da yaƙi. Ya nemi taimakon Gumel, ya kuma nemi na Ningawa ƙarƙashin Ɗan Yaya. Dubi wannan, ya ɗan'uwa. Ningawan nan su ne Abdullahi Maje Karofi ya ƙare ƙarfinsa yana yaƙa, ga shi 'ya'yansa sun jawo su cikin ƙasar Kano don su yaƙi ɗan baffansu.

Harin farko da Yusufawa suka kai wa birni bai yi kyau ba. Tukurawa suka kore su, suka kama mutane da yawa. Tukur ya ɗauke su a matsayin 'yan tawaye waɗanda suka saɓa wa Sarkin Musulmi, aka kashe waɗansu, aka sayar da waɗansu bayi, alhali 'ya'ya ne Musulmi. Duk wanda aka zarga da son Yusufu a cikin gari sai a washe gidansa. Wannan tsanani ya yi wa Tukur ɓarnar da takobin abokan gaba bai yi masa ba, gama mutane sun riƙa sulalewa da dare suna komawa Takai.

Da Yusufawa suka ga birni ba ya ciwuwa da gaggawa sai suka sake dabara. Suka juya kan garuruwan ƙasa, suna ci ɗaya bayan ɗaya, irin su Gaya da Dutse, har hatsi da dawaki da mayaƙan gabas suka koma hannunsu. Sarkin Musulmi ya rubuta wa sarakunan gabas su taimaki Tukur, amma galibinsu suka yi ta jan ƙafa, don ba su ga dalilin zubar da jinin mutanensu a kan naɗin da tun farko ba su gamsu da shi ba.

Ana cikin haka, a 1894, ciwo ya kama Yusufu, ya rasu a Garko bai shiga gidan sarautar da ya fita dominsa ba. Nan ne al'amari ya faɗo kan Alu. Akwai waɗanda suka girme shi a cikin 'ya'yan Abdullahi, amma aka zaɓe shi, manyan bayin sarki irin su Shamaki Harisu suka tsaya masa. Hikimar zaɓen a fili take. Sun san ko sun ci Kano da ƙarfi, sarauta ba ta zama sai Sakkwato ta yarda, kuma zai yi wa Sakkwato wuya ta ƙi jikan Sarkin Musulmi har abada.

Cikin daminar 1894 Alu ya taso da runduna, aka gwabza a bakin ganuwa, Yusufawa suka kutsa cikin birni. Tukur ya fita da sauran jama'arsa, ya yi arewa maso yamma zuwa iyakar Katsina, ya zauna a Kamri yana jiran gudummawar da ba ta zo yadda ya zata ba. Alu bai ƙyale shi ba. Bayan an kawar da amfanin gona ya bi shi, yana cin garuruwan da suka ba shi mafaka. Aka yi karon ƙarshe a Tafashiya cikin watan Maris 1895, wanda ya zo daidai da azumin 1312. Nan aka ci ƙarfin Tukur, raunin da ya samu ya zama ajalinsa. Jikokin Dabo ne duka biyu, alƙibla ɗaya, wata mai alfarma. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Fasali na uku: mulkinsa

Alu ya sami gado, amma ƙasar da ya samu ta jikkata. An ƙone garuruwa, an bar gonaki, an raba iyaye da 'ya'ya. Fatake ma sun sha wuya, gama a shekarun nan hanyar goro duk ta rikice: Salaga ta watse da nata basasar a 1892, Samori kuma ya ci Bonduku a 1895.

Waɗanda suka sha wuya tare da shi a Takai kowa yana jiran sakamako. Sai ya tuɓe Tukurawa, ya raba sarautu da gidaje da gonaki ga mutanensa. Ya naɗa wansa Ahmadu Waziri, ya ba shi iko mai yawa, ya naɗa ɗan'uwansa Abbas Wambai. Bayin sarki da suka ɗora shi suka ƙara ƙarfi a fada fiye da da. Ya tara bindigogi, ya kafa rundunar 'yan bindiga daga cikin bayinsa, har sunan makamin nan sango ya bi shi. Tukurawa da yawa suka ƙare a gudun hijira. Ina ganin a nan ne abin tausayi yake, gama abin da Bello ya yi wa gidan Abdullahi, wanda ya haddasa fitinar, shi ne gidan Abdullahi ya rama wa gidan Bello. Sakkwato ta amince da shi daga baya, don ba yadda za ta yi, amma kowa ya riga ya gani cewa ana iya ƙin naɗin Sarkin Musulmi da takobi a zauna lafiya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya ga Kano ta raunana, ya riƙa kawo mata hari. Aka yi yaƙi a Gezawa da Tattarawa, dawakin Damagaram suka iso har kusa da birni. Wannan masifa ba ta kau ba sai da Faransawa suka ci Zinder a 1899. Ke nan wanda ya kawar masa da abokin gaba na arewa shi ne baƙon da ya fi shi haɗari.

Fasali na huɗu: zuwan Nasara da ƙarshensa

A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani Bature, Kyaftin Moloney, ya gudo Kano. Alu ya karɓe shi da girmamawa, Gwamna Lugga kuwa ya riƙe wannan hujja. A watan nan ne kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru. A farkon Janairu 1903 Alu ya tafi Sakkwato da manyan hakimansa da dawaki masu yawa don yin mubaya'a. Yana can Kanar Morland ya taso daga Zariya, ya fasa Bebeji, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Bayin sarki da aka bar wa gari sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Sarkin Shanu ya faɗi yana kare gidan ubangijinsa.

Labari ya riski Alu a hanyar komowa. Shawara ta rabu uku: masu cewa a yi yaƙi, masu cewa a yi hijira gabas, masu cewa a yi sulhu. Da dare Alu ya bar rundunar ba tare da sanin mafi yawansu ba. Masu tarihi sun yi saɓani kan niyyarsa, waɗansu suka ce hijira ya nufa, waɗansu suka ce tsoro ne. Ni dai ba zan yanke wa bawan Allah hukunci kan abin da ke zuciyarsa ba. Abin da ya tabbata shi ne rundunar ta rabu. Waziri Ahmadu ya ci gaba, ya yi karo da Nasara a Kwatarkwashi, aka kashe shi, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Wambai Abbas ya komo da sauran jama'a Kano ya yi sulhu, Turawa suka naɗa shi sarki. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar.

Alu kuwa an kama shi a ƙasar Gobir aka miƙa wa Turawa. Suka kai shi Yola, daga baya suka mai da shi Lakwaja, inda suke tara sarakunan da suka tuɓe. Can Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mai waƙoƙin nan, ya same shi bayan shekaru. Alu ya yi mulkin Kano ƙasa da shekara 9, ya yi shekara 23 a tsare, ya rasu a Lakwaja a 1926, bai sake ganin Dala ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Yusufu da Tukur da talakawan da ba a rubuta sunayensu ba.

Kammalawa

Ban ce da ba a yi basasa ba da Nasara ba su ci Kano ba, gama igwa da bindiga mai ruwa sun ci garuruwan da ba su yi basasa ba. Amma mutanen da suka saba raba shawara da takobi, ranar tsanani ba su iya zama a tabarma ɗaya ba.

Na kawo wannan ne domin mu. A zangonmu ma ana rigima kan limanci, da sarautar Hausawa, da shugabancin 'yan kasuwa, kuma yadda ta Kano ta fara haka tamu take farawa: a fifita ɗa a kan wanda jama'a suka yarda da shi, ko a naɗa ba shawara, ko wanda ya samu ya ce sai ya rama. Sa'an nan wani ɓangare ya kai ƙara wurin wanda ba ya ƙaunar ko ɗaya daga cikinsu. Suratul Hujurati ta ɗora wa sauran Musulmi nauyin sulhunta ɓangarori biyu da adalci, tun kafin a kai ga abin da aka kai a Tafashiya. Wanda aka ba amanar naɗi ya ji tsoron Allah ya saurari jama'a, wanda aka hana ya yi haƙuri, wanda ya rinjaya ya yi afuwa.

Allah Ya tsare mu daga fitina, ta fili da ta ɓoye, Ya zaunar da ƙasar da muka fito da wadda muke ci muke sha a cikinta lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin. Yanzu sai mu shiga baitocin da sharhinsu, da taimakon Allah.