Alexander Fleming, Likitan Da Ya Gano Fenisilin

An haifi Alexander Fleming ran 6 ga watan Agusta, 1881, a wata gona kusa da garin Darvel a ƙasar Sikotilan. Mahaifinsa manomi ne, kuma ya rasu Fleming yana ɗan shekara bakwai. Da ya tasa, sai ya tafi Landan wurin wansa, ya yi aikin akawu a wani kamfanin jiragen ruwa. Gadon da baffansa ya bar masa shi ya ba shi damar shiga makarantar likitoci ta Asibitin St Mary. Ya gama a 1906, kuma a nan ya yi kusan dukan aikinsa.

A watan Satumba na 1928, Fleming ya dawo daga hutu, ya duba farantan da yake renon ƙwayoyin cuta a cikinsu. Sai ya tarar fumfuna ta kama ɗaya daga ciki, kuma ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun mutu. Wani da ya zubar da farantin. Shi kuwa sai ya reni fumfunar, ya tace ruwanta, ya sa masa suna fenisilin.

Abin da ya yi bayan haka ya fi sa'ar da ya taka muhimmanci. Ya so ya san waɗanne ƙwayoyi ne ruwan yake kashewa. Don haka ya yanka ɗan kwari a cikin daskararren abincin ƙwayoyi da ke faranti, ya cika shi da fenisilin. Sannan ya ja layi-layi na ƙwayoyi iri-iri daga bakin kwarin. Ƙwayar da ke kawo ciwon huhu, wato limoniya, ta kasa tsirowa kusa da kwarin. Amma wata ƙwayar maƙogwaro da huhu, wadda yanzu ake kira Haemophilus influenzae, ta yaɗu har bakinsa, ko a jikinta. Ya wallafa sakamakon a 1929. Tun ran nan aka ga cewa magani ɗaya ba ya cin kowace ƙwaya.

Fleming bai iya tsarkake fenisilin ya zama maganin allura ba. Howard Florey da Ernst Chain ne suka yi wannan a Jami'ar Oxford, aka fara gwada shi a kan majiyyaci a 1941. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 1945. A jawabinsa na karɓar kyautar, ya yi gargaɗi cewa shan maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayoyi jure masa. Gargaɗin ya tabbata.

Gwajin da ake yi yau jikan nasa ne. A maimakon kwari, ana ɗora 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna a kan ƙwayoyin da aka samo daga majinar majiyyaci. Kashegari sai a auna faɗin filin da ƙwayoyin suka kasa tsirowa. In filin ya yi faɗi, maganin zai yi aiki. In babu fili, dole likita ya sake wani. William Kirby da Alfred Bauer na Amurka suka daidaita wannan hanya a 1966, kuma ita ce ɗaliban kimiyyar ƙwayoyin cuta suke koyo.

Fleming ya rasu a Landan ran 11 ga watan Maris, 1955, sakamakon ciwon zuciya. An binne tokarsa a majami'ar St Paul.