Ibn al-Nafis: Likitan da ya gano hanyar da jini ke bi tsakanin zuciya da huhu

Darasin zagayawar jini da ɗaliban likitanci ke karantawa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da sauran makarantu irinsa, yana da tushe a aikin wani malami da ya rasu fiye da shekaru 700 da suka wuce.

An haifi Ala'uddin Ali bin Abil Hazm, wanda aka fi sani da Ibn al-Nafis, a yankin Dimashƙa ta ƙasar Sham wajen shekarar 1213. Ya koyi likitanci a asibitin Nuri na birnin, daga bisani ya koma Alƙahira, inda ya zama shugaban likitoci, kuma masanin fiƙihu a mazhabar Shafi'iyya.

A zamaninsa likitoci na bin ra'ayin Galen, likitan nan Bagirke, wanda ya ce jini na ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani. Fiye da shekaru 1,000 wannan magana ta yi ana karantar da ita.

A shekarar 1242, cikin sharhinsa kan littafin Al-Ƙanun na Ibn Sina, Ibn al-Nafis ya musanta hakan. Ya bayyana cewa bangon da ya raba ɗakunan biyu kakkaura ne, ba shi da ƙofa. Saboda haka dole jinin ya fita daga ɗakin dama ta wata jijiya zuwa huhu, ya gauraya da iska, sannan ya komo ɗakin hagu. Ya kuma nuna cewa tsokar zuciya na samun abincinta ne daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta.

Ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri.

A 1628 ne William Harvey na Ingila ya wallafa bayanin yadda jini ke zagaya jiki baki ɗaya. Shi kuwa binciken Ibn al-Nafis, an daɗe da mantawa da shi har zuwa 1924, lokacin da wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya fito da sharhin daga wani ɗakin karatu a Berlin ta Jamus.