Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata (1877-1955)

Godiya ta tabbata ga Allah Mai azurtawa ba da lissafi ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa, a taron bana mun zaɓi mu tuna da wani bawan Allah ɗan kasuwa, domin da yawanmu a Babbar Kasuwar Katsina muke neman halalinmu.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake, waɗanda kakanninsu suka taso daga ƙasar Katsina. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau. Sai wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi, daga nan ya samo laƙabin Ɗantata. A hannunta ya koyi tattali: ya yi karatun allo, yana 'yan sana'o'i, abin da ya samu yana jefawa a asusu.

Da ya girma ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja, daga baya ya riƙa bi da kayansa ta Ikko a jirgin ruwa. Bayan jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Kafin rasuwarsa ana lissafa shi a kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma.

To, amma ba yawan dukiya ya sa muka kawo tarihinsa ba, sai yadda ya tsara fitar da ita. Marigayin ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, kuma ya fara da kame kansa. An san shi da sauƙin ci da sutura, yana cin abinci tare da yaransa na kasuwa. Abin da ya hana wa son zuciyarsa shi ya zama rabon mabuƙata.

Ciyarwarsa kuwa tana da lokaci, tana da masu ita. Kowace Babbar Salla akan yanka shanu a raba wa talakawa. Bayan ya sauke farali a farkon shekarun 1920, ya riƙa ɗaukar nauyin waɗansu zuwa aikin Hajji. Ya taimaki malamai da karatun Alƙur'ani. Ya kuma ba mutane da yawa jari suka yi ciniki a ƙarƙashinsa har suka tsaya da ƙafafunsu, wanda shi ne taimakon da ke raba mutum da roƙo. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955. Ɗansa Alhaji Sanusi ya ci gaba da hidima ga ɗariƙa a zamanin Shehu Nasiru Kabara.

Darasin a bayyane yake. Yawancinmu sai mai bara ya tsaya a bakin rumfa muke laluben aljihu, alhali maraya a dangi da gwauruwa a maƙwabta, waɗanda kunya ta hana su tambaya, suna kwana da yunwa. Ya kamata kowane ɗan'uwa ya san ranar da shekarar zakkarsa ke cika, ya ƙiyasta hajarsa da kuɗinsa, in sun kai nisabi ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Sannan ya ware wani kaso na ribarsa domin sadaka, komai ƙanƙantarsa, ya rubuta waɗanda zai ba, ya fara da na kusa, ya gyara niyya, ya ɓoye abin da ya bayar. Mai tebur ɗaya ma yana iya yin asusu kamar yadda marayan Bebeji ya yi.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan, Ya haskaka kabarinsa, Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya ba mu ikon ciyarwa domin neman yardarSa. Amin.