William Grey Walter (1910–1977): Maƙerin Kunkurun Lantarki

An haifi William Grey Walter a birnin Kansas na Amurka a shekarar 1910, amma a Ingila ya tashi, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij. Masanin ƙwaƙwalwa ne, kuma daga 1939 ya yi aiki a Cibiyar Burden da ke Biristol.

Abin da ya dame shi shi ne gano ko yawan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke haifar da ɗabi'a mai sarƙaƙiya, ko kuwa yadda aka sada su da juna. Domin gwada haka, tsakanin 1948 da 1949 ya ƙera na'urori biyu, Elmer da Elsie, masu taya uku da ƙoƙon baya irin na kunkuru. Kwalaben lantarki biyu kacal ya sa wa kowacce a madadin ƙwayoyin jijiya, sai ido mai gane haske da abin jin taɓi. Babu mai sarrafa su. Sukan bi matsakaicin haske, su guje wa mai tsanani, su kewaye abin da suka ci karo da shi. In batir ya yi sanyi, su nufi akurkinsu su sha caji. Kalmarmu ta mutum-mutumi ba ta zauna musu daidai ba, domin halin dabba aka kwaikwaya, ba surar mutum ba.

Masu ƙera ƙananan na'urori masu cin gashin kansu don sha'awa, da masu nazarin kwaikwayon rayuwa, duk suna ɗaukarsa magabaci. Haɗarin babur a 1970 ya raunata ƙwaƙwalwarsa, ya rasu a 1977.